Kun nuna mana giwar Al-Jazari, ba ku buɗe mana cikinta ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan na'urori masu motsi da kansu da masanan da suka ƙera, kuma marubucin ya yi ƙoƙari. Ƙorafina shi ne ya cika mu da kirari, ya ce tsuntsun ƙarfe ya yi kuka, ƙofa ta buɗe kanta, amma ko sau ɗaya bai faɗi yadda abin yake aiki ba. Wanda ya karanta zai ɗauka ko dai tatsuniya ce ko aikin aljanu, alhali aikin maƙera ne.

Ga agogon giwa na Al-Jazari, maƙerin na'urori wanda ya yi wa sarakunan Artuƙiyawa aiki a Amid, wato Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, ya kuma kammala littafinsa a 1206. A cikin cikin giwar akwai tankin ruwa, a kan ruwan kuma kwano mai ƙaramin rami a gindinsa. Ruwa yana shiga kwanon sannu a hankali, sai ya nutse cikin rabin awa. Nutsewar tana jan igiya, igiyar ta saki wani ƙwallon ƙarfe daga can sama, ya faɗa bakin maciji. Nauyin ƙwallon ya rinjayi macijin ya sunkuyo, sunkuyowar tasa kuma ta ɗago kwanon da ya nutse ya zubar da ruwansa, a sake sabon lale. A nan ne tsuntsu ke juyawa, mahayin giwar ya buga abin bugunsa. Duk hikimar tana cikin girman wannan rami. In ya yi faɗi kaɗan agogo ya yi gudu, in ya ƙuntata ya yi nawa.

Wannan ne abin da ya fi burge ni game da mutumin. Na'urori 50 ya bayyana, kowace da zane da awo, ɓangare bayan ɓangare, don wani maƙerin ya iya yin irinta. Ya faɗi yadda ake haɗa katako falle a kan falle don kada ya lanƙwashe, da yadda ake goge bakin murfin bututu har ya zauna daram ruwa bai yoyo ba. Inda ya gwada dabarar magabata ya ga ba ta ba da lokaci daidai, ya faɗa, ya gyara. Bai ɓoye sirrin sana'a ba, abin da mu a nan muka san yana da wuya ga mai sana'a.

Sannan batun "mu muka fara" ƙera irin waɗannan na'urori da sharhin ya nanata, a sassauta. Shi kansa Al-Jazari ya ambaci waɗanda ya koya daga gare su. 'Ya'yan Musa bin Shakir uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta nasu littafin a Bagadaza wajen shekarar 850, da na'urori kusan 100, har da fitilar da ke ƙara wa kanta mai ta tura lagwani. Su ma a kan ayyukan Girkawa irin su Filo da Hero na Iskandariyya suka ɗora. A can Sin, Su Song ya gina hasumiyar agogon ruwa a Kaifeng a ƙarshen ƙarni na 11, da gumakan katako masu fitowa su sanar da lokaci. Gaskiya ne dai agogon tagulla da Halifa Haruna Rashidu na Bagadaza ya aika wa Sarki Sharlaman na Turai a 807, mai mahaya 12 da ke leƙowa ta tagogi, ya ba Turawan lokacin mamaki har suka rubuta shi a kundin tarihinsu. Wannan ya isa abin alfahari ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsallake babin jan ruwa. Wani zai ce ai duk kayan nishaɗin fada ne, kwalekwale mai makaɗa huɗu da ɗawisun da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu. To amma a littafin Al-Jazari akwai na'urori biyar na ɗago ruwa. Wasu jigo ne irin wanda masu lambu suka sani a fadamunmu, sai dai dabba ke juya shi ta hanyar ƙafafu masu haƙora maimakon mutum ya wuni yana ja. Ɗaya kuma famfo ne mai bututu biyu, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa, gudun kogi ke sarrafa shi ba fetur ba. Mai noman rani da tsadar mai ta ishe shi zai so ya ji wannan fiye da labarin tsuntsu mai waƙa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake waiwayar batun, ku buga zanen agogon giwar da na famfon a fili, da bayani cikin Hausa, yadda malaman makarantun koyon sana'a da masu walda za su iya gwadawa. An sake ƙera giwar a wani katafaren kanti a Dubai kuma mutane na zuwa kallo. Kwano da igiya da bututu ba su fi ƙarfin maƙeranmu ba.

Na gode da ba ni fili.

Naku mai karatu,
daga Zariya