Zuwa ga abokan cinikinmu: kan batun ruwan lagireto

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna gaishe ku daga garejinmu da ke Agege, da fatan ana aiki lafiya.

Dalilin wannan takarda shi ne mun yanke shawara, daga yanzu ba za mu ƙara zuba fiya wata ko ruwan burtsatse a lagireton babur ɗin kowa ba, ko da mai babur ne ya nema. Mun san wasunku za su ga kamar tsada muke so mu ɗora musu, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Masu Boxer da ire-irensa, wannan magana ba ta shafe ku ba, iska ce ke sanyaya injinku. Da masu Pulsar NS200 da Dominar da KTM da manyan babura irin su CBR muke.

Kwanakin baya wani matashi mai aikin kai saƙo ya turo mana babur ɗinsa da rana tsaka, ya ce tun daga Oshodi yake ɗaukar zafi a cikin gosulo. Da muka kwance tiyon ƙasa, ruwan da ya zubo ja ne kamar na kududdufi, cikin famfon ruwan kuma ya yi farin ɓawo irin na butar mai shayi. Ya ce kullum leda biyu ta fiya wata yake zubawa. Wallahi tausayi ya ba mu, domin gaskit ɗin kan inji ya riga ya ƙone, babur ɗin kuma na biya-kullum ne.

Ruwan sha yana ɗauke da gishiri da sinadaran ƙasa, balle na rijiyoyin da ke kusa da teku. Lagireton babur na alminiyam ne, hanyoyin cikinsa sirara, ɓawo kaɗan ya isa ya toshe su. Shi kuwa kulan, wato ruwan lagireto na kwalba, an haɗa shi da sinadarin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin gilaikol da ruwa rabi da rabi kuma sai ya kai wajen 107, murfin lagireto mai kyau ya ƙara ɗaga shi ya haura 120. Wasu kan ce ai don ƙasashen ƙanƙara aka yi kulan. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma mu a Legas hana tsatsa da jure zafi muke nema a jikinsa.

Wajen saye, kada launi ya ruɗe ku. Kore ko ja ko shuɗi duk rini ne, ba shi ke nuna iri ba. Ku karanta jikin kwalba: a ga an rubuta ya dace da injin alminiyam, kuma babu sinadarin silikat a ciki, domin silikat na cin robar famfon ruwa, shi ya sa kamfanin Honda ya hana shi a baburansa. A duba ko haɗaɗɗe ne ko mai kauri. Mai kauri sai an sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Kuma kada a gauraya iri biyu, wani lokaci sukan kame su zama kamar kunu.

Yawancin kamfanoni shekara 2 suke ba kulan kafin a canza, amma littafin babur ɗinka shi ne alƙali. In ka kawo, a gabanka za mu buɗe kwalba. Mu kwance notin da ke jikin famfon ruwa mu tsiyaye tsohon, mu zubar da na ƙaramin tanki, mu wanke da tataccen ruwa har ya fito fes. Sannan mu zuba sabo a hankali muna karkata babur ɗin don iska ta fita, mu tayar da inji har fanka ta kama. Wannan fitar da iskar ita ake yawan tsallakewa, sai ka ga an zuba sabon kulan amma zafi bai tafi ba.

Don Allah kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan tsartuwa yake yi ya saɓule fata. Tsohon kulan kuma kada a watsa shi a kwata ko a bar shi a roba. Zaƙi gare shi, guba ne, yaro ko akuya na iya sha. Ku kawo mana, muna tarawa a jarka.

In a hanya ya kama ka babu yadda za ka yi, ka jira inji ya huce ka zuba ruwa mai tsabta ka isa gida, amma ka biyo mu cikin makon a canza. Ya fi kyau a zo da safe, a ba inji minti 30 ya huce kafin mu taɓa shi.

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.

Naku,
Ma'aikatan gareji, Agege, Legas