Rigar sanyi mai gida-gida ba ta hana addu'a isa sama

Malam Edita, barka da aiki, ya sanyi?

Shirinku na ranar Lahadi da yamma ne ya hana ni barci. Da farko na ji daɗin baƙonku, da ya ɗauki yadi mai gida-gida ya ce zaren tsaye da na kwance duk inda suka haɗu gicciye suke yi. Har na kira 'yata ta zo ta ji. Sai ga shi ya kwashe da cewa wanda ya shiga majami'a ranar Nowel, wato bikin haihuwar Yesu, da rigar gwanjo bai girmama Mai Ceto ba. Mai gabatarwa kuma sai dariya yake yi!

Bara, ƙungiyar mawaƙan yara ta fitar da anko, yadi da ɗinki jika bakwai. Ni mai sayar da ƙosai ce, gero ma a lokacin da tiya-tiya muke aunowa. Na je kasuwa na tona tulin gwanjo na samo wa ɗana riga mai gida-gida, ja da baƙi, mai kauri, jika ɗaya da rabi. Na wanke ta, na sauya maɓalli biyu, na goge ta da dutsen guga na gawayi. Yaron nan ya yi wata guda yana koyon waƙa. Ranar, wata dattijuwa ta ja shi gefe ta ce ya zauna baya, zai ɓata hoto. Bai yi kuka ba sai da muka iso gida. Kowa ya san sanyin Disamba a Tawa, masu ankon suna ta rawar ɗari, shi kaɗai ne jikinsa da ɗumi, amma shi aka kora.

Baƙon naku bai taɓa karanta Yakubu 2:2-4 ba ne? Can aka tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su ce wa matalauci ya tsaya can. Matiyu 6:28-29 fa, inda Yesu ya ce ko Sulemanu bai yi ado kamar furannin jeji ba? Shi kansa wanda muke yi wa bikin, cikin zanen goyo aka naɗe shi aka kwantar a komin dabbobi.

Wai kuma daga ƙasar Sikotilan yadi mai gida-gida ya samo asali. Su dai suna da nasu. Kakana da rigar saƙi aka san shi, baƙi da fari kamar jikin zabuwa, masaƙanmu ne suka saƙa.

Sannan lambar wayar da kuke bayarwa, don Allah wa ke ɗauka? Sau biyar na kira, kuɗin katina suka ƙare ina jin kiɗa. Ku dawo da baƙon nan, ku buɗe layi, ina da tambaya gare shi.

Taku mai sauraro,
wata uwa daga Tawa