A sassauta dokar sutura ga matasa masu jinyar ciwon daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu gidajen cin abinci, wuraren shaƙatawa da zaurukan biki a Legas, musamman na Ikeja, Lekki da Victoria Island, inda wasu ke kafa doka a bakin ƙofa: ba hular sanyi, ba takunkumin fuska, ba silifas. Don tsaro da martabar wuri aka yi ta, ba mu musa ba. Sai dai abubuwa ukun nan su ne suturar matashin da ke karɓar maganin ciwon daji, shi ya sa shi ne ake yawan korowa.

Mako 2 zuwa 3 bayan zagayen farko na kemo, wato maganin ciwon daji da ake bayarwa zagaye-zagaye, musamman idan akwai maganin doxorubicin a ciki, suma takan fara zuba, wani lokaci har gira. Fatar kai takan yi tsami, sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya riƙa ratsa ta. Hular kube mai kauri tana kartar irin wannan fata, shi ya sa ake ba su shawarar hular auduga mai laushi. Mai gadin da ya ce sai an cire ta a gaban layi, asirin yaro yake tonawa a bainar jama'a.

Batun takunkumi ya fi wannan nauyi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cututtuka, kan sauka ƙasa sosai. A wannan tsakani murar da wani zai sha shayi ya warke tana iya kwantar da majinyaci, kuma zazzaɓin da ya kai maki 38 a ma'aunin Celsius na nufin a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Shi yake tsoron ɗaukar ciwonku. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta tari, ko musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Takalmi kuwa, magani irin vincristine yana kashe jin yatsun ƙafa, capecitabine kuma na sa tafin ƙafa ya yi ja ya ɗuri ruwa. Takalmi rufaffe mai tauri sai ya ji masa ciwo bai sani ba, ciwon kuma ya daɗe bai warke ba.

Akwai kuma wanda ba a gani. Wasu na ɗauke da siririyar robar magani a damtse, wadda ke bi ta jijiya har kusa da zuciya, an rufe ta da filasta. Lalube da ƙarfi na iya fizgo ta ko ya shigar da datti.

Mu ma Hausawan Agege da Idi-Araba ba mu tsira ba. A bikinmu ana cewa wadda ba ta ɗaura anko ba kada ta shigo, alhali ɗaurin ashoke mai matse kai azaba ne ga yarinyar da ba ta da suma, kuma ƙwayar dexamethasone na kumbura fuska da ciki har ɗinkin wata biyu baya ya ƙi shiga. Uwar biki, ki bar ta ta zo da mayafinta.

Gyaran bai da tsada. Mai wuri ya ƙara layi ɗaya a ƙasan allonsa cewa an ɗauke wa marasa lafiya, ya kuma karantar da masu gadi, domin su da abin da aka gaya musu suke aiki. In tsaro ya buƙaci ganin fuska, a ja mutum gefe, mace ta duba mace, ya sauke takunkumin na ɗan lokaci ya mayar. In ya nuna damtse ko ƙirji ya ce akwai roba, a duba da ido, kada a taɓa. Kada a tambaye shi wane irin daji ne.

Iyaye kuma su nemi likitan yaro ya rubuta gajeriyar takarda mai hatimin asibiti, wadda za ta ce yana buƙatar rufe kai da sa takunkumi saboda jinya, ba sai an ambaci sunan ciwon ba. A ɗauki hotonta a waya. A kira wurin tun kafin a tashi daga gida, in kuma an tsaya a ƙofa a nemi manaja maimakon jayayya da mai gadi. In fitar ta faɗo cikin kwanakin da jini ke ƙasa, gara a ɗaga ta zuwa dab da zagaye na gaba, bayan an ji ta bakin likita.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya,
Idi-Araba, Legas