A duba kuɗin mota kafin a duba littafin sa hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani al'amari da ke ci wa ma'aikata da yawa tuwo a ƙwarya a garin Gombe, wato umarnin da kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke bayarwa cewa duk mai aiki daga gida ya koma ofis kullum, daga Litinin zuwa Juma'a. Ni ma umarnin ya hau kaina, domin tun kullen korona na shekarar 2020 nake riƙe da lissafin kuɗin wurin aikinmu daga ɗakina, sai a 'yan watannin nan aka ce mu dawo.

Shugabanninmu suna kafa hujja da abin da ke faruwa a waje, kuma gaskiya ne cewa kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatansa su koma ofis kwana biyar a mako daga watan Janairun 2025, haka ma Shugaba Donald Trump ya ba ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka irin wannan umarni a ranar da ya koma mulki. Sai dai mai kawo wannan misali ya kamata ya haɗa da halin da muke ciki a nan. Lokacin da aka tura mu gida, litar man fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma ko da ya ɗan sauko daga baya, mai Keke Napep da ɗan acaɓa ba su koma tsohon farashi ba, ba kuma laifinsu ba ne, tunda taya da baƙin mai da kuɗin balas duk sun tashi. A wannan tsakanin, mafi ƙarancin albashi ya tashi ne daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024. Mai ya ninka fiye da sau biyar, albashi ya ninka sau biyu da ɗan ɗori, shi ma ga wanda aka biya shi, domin a wuraren aiki masu zaman kansu da dama alawus ɗin sufuri yana nan yadda aka rubuta shi a takardar ɗaukar aiki.

Akwai kuma batun muhalli, wanda ban taɓa jin wani shugaba ya ambata ba. A shekarun da ba a buƙatar mu fito kullum, da yawa daga cikinmu mun bar tsadar haya ta cikin gari muka koma gefe. Wasu sun yi Tumfure ta hanyar Bauchi, wasu sun yi wajen Mil Shida ta hanyar Yola, wasu ma sun tattara iyalansu sun koma gidajen gado a Kumo ko Deba ko Kwami. Mun sayi sola da batir da kuɗinmu, muna sayen data daga aljihunmu, kuma ko a lokacin da aka yi kwanaki babu wutar lantarki a yawancin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024, rahoton wata bai makara ba. Mutumin da ya tsara rayuwarsa a kan wannan shiri, har ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa kuma ya biya hayar shekara, ba zai iya warware komai cikin mako biyu don an turo saƙo ta waya ba.

Wahalar hanyar kanta ba a kuɗi kaɗai ta tsaya ba. Wanda ba shi da abin hawa sai ya tsaya bakin titi yana jiran Keke, idan ya samu kuma a cusa shi da mutum uku a baya da wani a gefen direba, ya sauka ya sake hawa wani kafin ya isa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, mutum kan isa gida da yamma jikinsa ya mutu, ba ya iya duba littafin yaro balle ya leƙa maƙwabci mara lafiya. Da damina kuwa, duk wanda ya san yadda ruwa ke gudu a kwaruruwan garin nan ya san cewa hadari ɗaya na safe ya isa ya hana rabin ofis isowa a kan lokaci. Abin ya fi tsanani ga mata. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana domin ta shayar da ɗanta, amma wace moriya wannan dama za ta yi wa matar da jaririnta ke Tumfure ita tana tsakiyar gari, a ofishin da ba shi da ɗakin reno? Na san ƙwararrun ma'aikata mata da suka fara tunanin ajiye aiki saboda wannan kaɗai, kuma asarar ta wurin aikin ce kafin ta zama tasu.

Ba na musun amfanin ofis, kuma zan faɗe shi da zuciya ɗaya. Yaran da aka ɗauka aiki a shekarun nan sun cutu da rashin zama kusa da manya, domin akwai ilimin da ba a koyon sa sai ta ganin yadda babba ke karɓar baƙo, ko yadda yake lallashin wanda ya zo a fusace. Matsalar da kan ci yini guda ana musayar saƙonni a kanta sai ka ga an kashe ta cikin minti biyar idan an zauna ido da ido. Zumunci ma ya farfaɗo, ana jam'in Azahar tare, ana sanin wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa. Amma duk wannan ana iya samun sa da kwana uku a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda littafin sa hannu ya dawo ya zama ma'aunin ma'aikaci. Da ƙarfe takwas da 'yan mintuna a ja jan layi, wanda ya zo bayan haka a ba shi takardar neman ba'asi, ko da shi ne ya kwana yana haɗa rahoto. Sa'an nan sai ka tarar mutum ya biya kuɗin mota ya zo, ya zauna gaban kwamfuta yana taro ta intanet da abokan aiki na Abuja, taron da zai iya yi daga gida, wani lokaci ma janaretan ofis a kashe saboda tsadar dizal. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma shekarun da muka yi a gida sun nuna cewa ana iya auna mutum da aikin da ya gama.

Ba sabon abu nake nema ba. Jihar Kaduna ta mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a mako a watan Disamban 2021, Jihar Edo ta rage zuwa ofis zuwa kwana uku a watan Yunin 2023 saboda tsadar mai, Legas ma ta yi wa ƙananan ma'aikatanta irin wannan sassauci a 2024. Idan gwamnatoci masu dubban ma'aikata sun iya, ofishin da ke da mutum talatin ba shi da uzuri. Na san malamin asibiti da mai karɓar kuɗi a banki ba za su yi aikinsu daga gida ba, saboda haka su ne suka fi cancantar a sake duba alawus ɗinsu na sufuri bisa farashin yau, ko a haɗa gwiwa tsakanin ofisoshin da ke kusa da juna a ɗauki hayar bas guda da za ta riƙa kwaso mutane daga hanyar Bauchi da hanyar Yola safe da yamma. Ina kuma kira ga reshen Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya na Jihar Gombe da ya sa ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu a cikin lissafinsa, domin yawancinmu muna kan kwantiragin shekara ɗaya ne, kuma mai jiran a sabunta masa takarda ba ya iya ɗaga murya shi kaɗai a gaban shugabansa.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin lissafi,
Tumfure, Jihar Gombe.