Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Masunta na Fadamar Haɗejiya da Nguru

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin gudanarwa, muna gabatar wa sarakunan ruwa, da 'yan'uwa masunta, da iyayenmu mata masu sana'ar banda, bayanin abin da ƙungiya ta aiwatar a bana.

Babban aikin da ya ci mana lokaci shi ne zama da dattawan sana'a a bakin ruwa, domin a rubuta abin da suka sani game da sauyin damina kafin ya bi su kabari. Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa yawan kifi ya dogara ne ga lokacin da ruwa ya hau fadama da kuma daɗewar da ya yi a kwance, fiye da yawan ruwan sama. Idan ruwa ya malala cikin ciyawa tun kafin marka ya kuma jima, tarwaɗa da karfasa sukan sami wurin hayayyafa, 'ya'yansu su yi ƙwari kafin kududdufai su yanke. Idan ya makara, ko ya zo da ƙarfi ya janye da wuri, sai a wayi gari mali, wato tarkon kifi, cike da ƙananan kifin da bai kai tsawon yatsa ba. Wani dattijo ya tona busasshen taɓo da sandarsa ya fito mana da gaiwa a naɗe cikin kumburinta, ya ce ita kaɗai ce fari bai taɓa kora ba, alhali giwan ruwa da yauni, waɗanda ke son ruwa mai zurfi, sun yi wuyar gani. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da su suke auna kowace shekara, matasa kuwa da ambaliyar 2012 da ta 2022.

Kwamiti na ganin ya dace a faɗi gaskiya a nan: ba kowace matsala ce za a ɗora wa sauyin yanayi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, hawa da saukar kogin Haɗejiya suka daina bin tsohuwar ƙa'idarsu, kuma ruwan da ba ya ƙafewa da rani shi ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Dattawan da kansu suna bambance ruwan sama da ruwan da aka sako, ta launinsa da lokacin zuwansa, kuma wannan sani ne da ya kamata ma'aikatan gwamnati su saurara.

Saboda haka muka yi aikin gayya na yanke kacalla a wasu sassan mashigar Marma, da lauje da kwalekwale, ko da yake ciyawar tana sake tofowa. Mun kuma sasanta rikicin dumba, wato shingen tarkunan kifi da ake tare hanyar ruwa da shi, tsakanin masunta na sama da na ƙasa, aka amince a riƙa barin ƙofa domin kifi ya wuce. Batun raga mai ƙananan idanu har yanzu bai warware ba, domin mai iyali da ya kwana bai kama komai ba yana da wuyar lallashi.

A shekara mai zuwa za mu kafa sandar awo a kowane mashigi, a riƙa rubuta ranar da ruwa ya iso da ranar da ya fara ja, sannan a gwada da hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet. Ana roƙon kowane reshe ya kawo sunan matashi ɗaya mai iya rubutu, da boko ko da ajami, kafin shamuwa ta dawo.