Wasiƙa Zuwa Kumasi: Yadda Za Ka Yi da Ƙorafi da Shawarwarin Mutanen Dandalinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Kumasi, yaya ruwa? Saƙonka ya iso. Ka ce dandalin da ka buɗe wa masu rubuta manhaja ya fara cika, Allah ya ƙara albarka, amma ƙorafi da shawarwari sun yi maka rubdugu: wannan ta WhatsApp, wancan ta imel, wani kuma sai ya liƙa nasa a ƙarƙashin tambayar da babu ruwanta da zancen. Ka kuma ce kana tunanin gina duk abin da aka fi yawan nema don a huta. To, dakata tukuna kafin ka taɓa komai.

Fara da yin ƙofa ɗaya. Duk wanda ya aiko ta wata hanya, a gode masa, a ba shi adireshin ƙofar, a ce ya sake shigarwa can. Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, da wani shafin tattara ra'ayoyi mai suna UserVoice ya fara karɓar shawarwari, sai a 2009 suka buɗe nasu sashen mai suna Meta. Abin da nake so ka ɗauka daga wurinsu shi ne ba a iya aika komai a Meta sai an zaɓi ɗaya daga lakabi huɗu: bug, wato wani abu ya lalace; feature-request, wato ana neman sabon abu; support, wato mutum bai gane yadda ake amfani da abin da ke nan ba; sai discussion, wato muhawara. Rabon nan ba ado ba ne. Abin da ya lalace gyara yake so yau, sabon abu kuwa tunani yake so, idan ka haɗa su a kwando ɗaya sai mai ihu ya riga mai gaskiya.

Fom ɗin abin da ya lalace, kada ya wuce tambayoyi biyar: me ka yi mataki-mataki, me ka zata zai faru, me ya faru, da wace waya ko kwamfuta da wace burauza, sannan adireshin shafin da abin ya auku. Siga ta manhajar da lokacin aikawa kuwa, kada ka tambaya, ka sa fom ɗin ya ɗauka da kansa. "Bincike ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Rahoto shi ne: na rubuta "ƙirƙirar rumbun bayanai" a akwatin bincike, ban ga komai ba, na rubuta "kirkirar" sai ga tambayoyi uku. Da ganin wannan ka san inda matsalar take. Rabin mutanenka suna rubutu da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ, sauran ba su da su a allon wayarsu. Kuma dabarar nan ta Unicode, tsarin ba haruffa lamba a kwamfuta, da ake raba é zuwa e da alamar da ke kanta, ba ta aiki a kan haruffanmu, domin ƙ harafi ne guda mai zaman kansa, lambarsa U+0199, ba k ba ne da aka ɗora wa lanƙwasa. Dole ka rubuta teburin musanya da hannunka, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ da 'y su koma y, har da manyansu, ka yi amfani da shi sau biyu: lokacin adana kalmomin bincike da lokacin da mutum ya rubuta abin da yake nema. Rubutun asali kuwa a bar shi da lanƙwasarsa. Idan kuma aka ce maka haruffan suna komawa alamar tambaya bayan an aika, duba rumbun MySQL ɗinka, galibi tsarin haruffa na latin1, wanda bai san haruffanmu ba, ya maƙale a teburi ko a hanyar haɗi maimakon utf8mb4.

Ka rubuta gargaɗi kusa da wurin ɗora hoton allo. Masu koyo sukan ɗauko hoto da kalmar sirri ko mabuɗin API, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga wani sabis da ita, a fili. Rahoton ɓarakar tsaro ma kada ya bi ƙofar jama'a sam, ka ware masa imel, ka sa adireshin a fayil ɗin security.txt cikin babban fayil na .well-known.

Neman sabon abu ne ya fi wuya, a nan zan daɗe. Mutane ba sa kawo matsala, maganin da suka hango suke kawowa. Wani zai ce maka a ƙara ɗakin hira. Idan ka tambaye shi me yake son yi da ya gagara, sai ka ji cewa ya yi tambaya ne ranar Litinin, an amsa masa Talata, shi kuwa bai sani ba sai Juma'a. Ashe sanarwa yake buƙata, aikin kwana biyu, ba ɗakin hira da zai ci maka wata uku ya kuma jawo maka aikin sa ido dare da rana ba. Saboda haka tambayar farko a fom ta zama: me kake ƙoƙarin yi? Ta biyu: yaya kake yin sa yanzu? Ta uku: sau nawa yake tasowa? Shawarar tasa ta zo a ƙarshe, kuma ba dole ba. Tambaya ta biyun nan ita ce ma'auni. Wanda ya ce yana kwafe amsoshi zuwa wani fayil a wayarsa don ya karanta idan data ta ƙare, buƙatarsa ta gaske ce. Wanda ya ce "ai zai yi kyau ne kawai", sai a ajiye tasa a gefe.

Batun ƙuri'a. Ka sa maɓallin goyon baya tun yanzu, in ba haka ba za ka ga layin "ni ma" guda hamsin a ƙarƙashin kowace shawara. Wannan na cikin abubuwan da masu kula da manhajojin kyauta suka koka a kai a buɗaɗɗiyar wasiƙar Dear GitHub ta Janairun 2016, kuma kafin ƙarshen Maris GitHub, shafin da ake ajiye lambar manhaja, ya fito da samfurin fom na rahoto da alamomin goyon baya. Masu VS Code, manhajar rubuta lambar manhaja, kuma suna da ƙa'ida: shawarar da suka miƙa wa jama'a, idan ta sami ƙuri'a 20 cikin kwana 60 sai ta shiga jerin aiki, idan ba ta samu ba a rufe ta. Kai da mutanenka ba su kai nasu ba, biyar cikin wata guda ta isa. Amma ka lura, shiga jeri ba alkawarin ginawa ba ne, kuma ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro a saman shafin.

Sai dai ƙuri'a tana da makanta. Tsofaffin hannu ne suke kaɗa ta. Ɗalibin da ya zo sau ɗaya, ya kasa gane yadda ake liƙa lambar manhajarsa a cikin tambaya, ya tafi, ba zai dawo ya cike maka fom ba. Muryar irinsa a cikin alƙaluma take. Duk mako ka duba abu uku: mutum nawa suka buɗe shafin yin tambaya ba su aika ba, tambaya nawa ta kwana biyu babu amsa, da kalmomin da aka nema bincike ya dawo wayam. Sau da yawa abin da waɗannan za su nuna maka ya fi shawarar da ke kan gaba a ƙuri'a muhimmanci.

Abin da ya fi kashe zuciyar mai ba da shawara shi ne shiru. A Meta akwai jajayen lakabai da masu kula da ma'aikata kaɗai ke sawa, irin su status-review, status-planned, status-completed, status-declined, status-bydesign da status-norepro. Ka yi naka da Hausa: ana dubawa, an sa a jeri, an gama, ba za a yi ba, haka aka tsara shi, mun gwada ba mu ga matsalar ba. Ka ware awa ɗaya a mako, rana tsayayya, ka bi sababbi ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya wuce kwana bakwai babu lakabi. Na "ba za a yi ba" ɗin nan shi ne mutanenmu suke jin nauyinsa, sai a ce "in sha Allahu za a duba" alhali an san ba za a duba ba. Kada ka yi haka. Jimla biyu sun wadatar: ba za mu sa bidiyo a cikin amsa ba, domin yawancinmu da data ta waya muke shiga, kuma bincike ba ya karanta abin da ke cikin bidiyo. Mutum zai ji haushi na yini guda, amma gobe zai sake kawo wata. Shawarar da aka maimaita kuwa a rufe ta da mahaɗi zuwa ta asali, don ƙuri'u su taru wuri ɗaya. Kuma ban ba ka shawarar sa na'urar da ke rufe rahoton matsala don kawai ya daɗe ba a taɓa shi ba, daɗewa ba ta gyara abin da ya lalace.

Babban abu kada ka sake shi ga kowa lokaci guda. Stack Overflow da kansa ya buɗe sashen Documentation a Yulin 2016, ya rufe shi a Agustan 2017, ga ma'aikata ga kuɗi. Ka kunna sabon abu ga mutum ashirin da suka yarda su gwada, na mako biyu, ta hanyar makunnin da za ka iya kashewa ba tare da sake ɗora manhajar ba. Canjin doka kuma ya fi canjin maɓalli zafi: a Yunin 2023 masu kula da Stack Overflow na sa-kai sun tafi yajin aiki saboda umarnin da kamfanin ya ba su kan rubutun da ake zargin na'ura ce ta yi, ba tare da an zauna da su ba. Duk abin da ya shafi maki, rufe tambaya ko dakatar da mutum, ka kawo shi muhawara mako guda kafin ya fara aiki, ka fara da masu taya ka kula da dandalin.

Idan ka gama abu, ka koma kan shawarar ka sauya lakabi, ka ambaci wanda ya kawo ta a sanarwar wata. Idan a GitHub kake ajiye aikin, rubuta "Fixes" da lambar rahoton a bayanin gyaran, zai rufe da kansa da zarar an haɗe shi da babban reshe.

Ka turo min fom ɗin idan ka tsara, da shawarwari goma da suka fi damunka, mu bi su tare. Ka gaishe da Hajiya da yara, da mutanen zango baki ɗaya.

Wassalam,
Naka abokinka.