Zuwa ga aminina a Tawa, kan zancen zaren gilashi

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Ka gaida mini Inna, ka ce kilishi ya iso Yamai lafiya, abokan aiki kuwa ba su bar shi ya kwana ba.

Ka tsokane ni da bakin nan naku na Adarawa, wai shekara biyu ina karatun "igiya", ko ni ma ramin bakin hanya zan shiga haƙa. To, saurara.

Zaren da kake gani ana binnewa, fibar optik, cibiyarsa da haske ke bi kimanin mikron 9 ce, gashin kanka ya ninka ta kauri sau da yawa. Da ƙyaftawar leza, wata fitila mai siririn haske, ake tura saƙo a ciki. Sai dai kowace ƙyaftawa tana ɗauke da launuka kusa da juna, kuma gudunsu cikin gilashi ba ɗaya ba ne. Kamar ayarin raƙuma ne da ya bar Tawa a dunƙule, kafin Agadas na gaba ba ya hangen na baya, har ya cakuɗe da ayarin da ke biye.

Wannan ɓarna ɗaya ke nan. Ga kuma wata: idan aka matse haske mai ƙarfi a wannan ɗan wuri, gilashin kansa yakan sauya hali, inda hasken ya fi ƙarfi tafiya ta fi nauyi. Da sunan John Kerr ake kiran wannan, mutumin Sikotlan. Ita ma ɓarna ce.

Abin da ya hana ni barci shi ne, a 1973 wasu masana biyu, Hasegawa da Tappert, sun nuna da lissafi cewa idan ƙarfin ƙyaftawar ya dace da faɗinta, ɓarnar nan biyu sai su cinye juna, hasken ya yi ta tafiya da siffarsa. Soliton ke nan. Sai a 1980 Mollenauer da abokan aikinsa suka gan shi da awo a cibiyar bincike ta Bell Labs, a Amurka. Kai da son doki, ji wannan: wanda ya fara lura da irinsa, John Scott Russell, a ruwa ya gan shi a 1834, wani tozon ruwa guda yana tafe cikin mashigin jirage kusa da birnin Edinbara na Sikotlan, ya bi shi da sukuwa har ya ɓace masa.

Ni nawa aikin a kwamfuta yake. Ina sako soliton biyu kusa da juna in ga zamansu. In kaɗawarsu ta zo ɗaya sai su jawo juna, in ta saɓa su ture juna, kishiyoyi sak. Jiya ina dab da ganin sun haɗu kuran ya ɗauke, lissafin wuni guda ya bi iska.

In Allah ya kai mu babbar salla ina nan tafe. Ka ajiye mini tabarma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, zan zana maka shi a ƙasa da tsinke.

Naka,
amininka na Yamai